Sauya hitar banɗaki a Bauchi: yadda za ka lissafa kuɗin tun kafin ka shiga kasuwa

A Bauchi ba mai tunawa da hitar banɗaki sai sanyi ya sauko. Daga Maris har ƙarshen damina rana ce ke dafa mana ruwa kyauta a baƙin tankin saman gida, wani lokaci ma sai ka jira ya huce kafin ka iya watsawa. Sai an shiga Disamba, iskar hunturu ta fara tsaga leɓe, mutum ya tashi alwalar Asuba ya taɓa ruwa ya janye hannu da sauri, sannan ya tuna da makunnin nan mai jan fitila. Ya danna, ya jira, ruwa yana nan yadda yake. Ko kuma ya ɗaga kai ya ga jan ruwan tsatsa yana bin bango.

Haka ta same mu a gida, a ɗakin Hajiya. Ta kira ni da sassafe ta ce, "Kai, abin ruwan nan naku ya daina aiki, jiya da buta na ɗumama." Na tambayi kuɗin sabuwa a wani shago, na ware daidai abin da aka faɗa mini, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ko rabin hanya ban kai ba. Kuɗin sauya hita gida huɗu ne: ita kanta hitar, kayan haɗa ta, ladan masu aiki, sai yunit ɗin da za ta riƙa sha a mita. Mai shago na farkon kawai zai gaya maka. Sauran ukun su ne ke sa mutum komawa kasuwa sau uku a yini ɗaya, kuma a cikinsu ne ake yin tsimin da ke jawo asara.

Batun farashi kuwa, tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kayan da ake shigowa da su daga waje suke bin dala sawu da ƙafa. Abin da maƙwabcinka ya biya bara labari ne kawai. Farashin ranar da za ka saya shi ne farashi. Saboda haka abin da zan ba ka a nan shi ne yadda za ka gina lissafin da kanka, gida-gida, ta yadda ba wanda zai ɓullo maka da wani sabon kuɗi bayan an sauke tsohuwar daga bango.

Mataki na farko: tabbatar ta mutu da gaske

Nan ne aka fi yin asarar banza, don haka zan daɗe a kai. Hita mai tanki ba ta da wani sirri. Tukunyar ƙarfe ce da aka shafe cikinta don kada ta yi tsatsa, aka naɗe ta da abin riƙe zafi. A cikinta akwai elimen, wato ƙarfen da ke dafa ruwan, da tamostat mai yanke wuta in zafi ya kai, da wani sandan maganiziyam da aka sa don tsatsa ta ci shi a maimakon tukunyar. A waje kuma, a bututun da ruwan sanyi ke shiga, akwai bawul ɗin kariya. Duk waɗannan ana cire su a sa wasu. Tukunyar ce kaɗai in ta huje an gama.

In fitilar makunni na kamawa amma ruwa ba ya zafi, galibi elimen ne ya ƙone ko tamostat. Wasu tamostat ɗin suna da ɗan maɓallin kariya da ke faɗuwa in zafi ya wuce kima, danna shi kawai ake yi, sai dai a binciki abin da ya sa ya faɗi. Ka sa mai gyaran wuta ya kashe bireka, ya buɗe murfin ƙasa, ya auna elimen da mitarsa a gabanka. Elimen mai wat 1500 lafiyayye zai nuna kusan om 35. In mitar ba ta nuna komai ba, ya tsinke. In kuma da an kunna hita bireka ke faɗuwa, ko ana jin wuta na tsikarar hannu a kan famfo, to elimen ya tsage, wuta na shiga ruwa. Wannan kada wanda ya sake kunna ta, ko da na minti ɗaya ne, sai an gyara.

In ƙorafin shi ne ruwa na daɗewa bai yi zafi ba, kafin a ɗora wa hita laifi a auna ƙarfin wutar gidan. An ƙera elimen ne don bolt 230. A unguwar da taransifoma ta yi nauyi wuta ta sauko zuwa bolt 180, elimen mai wat 1500 bai fi wat 920 yake bayarwa ba, domin zafin na raguwa ne kusan ninkin yadda ƙarfin wutar ya ragu. Ka sayo sabuwa fil a kwali, haka za ta yi maka. Dalili na biyu shi ne ƙanzo. Leƙa cikin butar lantarkin gidanku: in akwai farin ɓawo kwance a gindinta, irinsa ne ya lulluɓe elimen ɗin hita. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ya fi ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Gubi barin wannan ɓawo, kuma rijiya da rijiya sun bambanta ko a layi ɗaya, shi ya sa butar taka ce shaida, ba ta maƙwabci ba.

Sai yoyo, wanda shi ma iri uku ne. Ɗigon da ke fita daga bakin bawul lokacin da ruwa ke dahuwa ba lalacewa ba ce. Ruwa na kumbura in ya yi zafi, daga digiri 20 zuwa 60 yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, a tankin lita 50 kusan kashi uku cikin huɗu na lita ke nan, kuma dole ya sami mafita. Yoyon da ke fitowa ta wajen da aka ɗaure elimen, robar bakin ce ta ƙeƙashe, kuɗinta kaɗan ne. Amma in ruwa na tsattsafowa daga jikin hitar, ta ɗinkin murfi ko ta sama, ga jan tsatsa, to tukunya ta huje. Za a sami mai walda da zai ce ka kawo ya like. Kada ka kai. Zafin walda na ƙone shafen cikin, bayan 'yan watanni ta sake hujewa a gefen inda aka like.

Hita mai tanki galibi tana kai shekara takwas zuwa goma sha biyu in ana kula da ita. Ƙa'idar da nake bi: in ta haura shekara takwas kuma gyaran zai ci rabin kuɗin sabuwa, a sauya. In ba ta kai haka ba kuma tukunya lafiya lau, a gyara. Ta Hajiya tukunyar ce ta tafi. Amma ta ɗakin baƙi, wadda mai aikin farko ya rantse mini ita ma ta gama yayi, elimen kawai muka sa mata, har yau tana aiki.

Mataki na biyu: lita nawa kuke buƙata

Girman da aka fi samu a kasuwa shi ne lita 10, 15, 30, 50, 80 da 100. Mutane na sayen babba don gudun kada ruwa ya yanke, su manta cewa ba wanda ke wanka da ruwan hita zallansa. Ruwan wanka mai daɗi wajen digiri 38 zuwa 40 ne. Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san yadda digiri 31 ma ke ratsa jiki da safe. In hita ta kai ruwa digiri 60, na famfo kuma yana 20, rabi da rabi za ka sirka ka sami 40. Bokitin wanka mai lita 15 ke nan bai ci fiye da lita bakwai da rabi na ruwan zafi ba. Hita mai lita 30 za ta ba da bokiti uku cikin kwanciyar hankali, na huɗun ya fara sanyi saboda ruwan sanyin da ke shigowa yana gauraya da na ciki.

To ka ƙirga masu wanka a jere da safe, ba yawan mutanen gida ba. Ɗakin tsohuwa da alwala da wanka ɗaya ne buƙatarta, lita 15 ya wadatar. Miji da mata da ƙaramin yaro masu wanka da bokiti, lita 30. In shawa ake sakarwa, ko yara huɗu ne ke shirin makaranta lokaci guda, lita 50. Kada ka auna da ranar suna ko zuwan baƙin Sallah. Wankan jego ma ba aikin hitar bango ba ne, wannan har gobe tukunya da itace ko gas ne ke ɗaukarsa.

Kafin ka fita, ɗauki hoton tsohuwar da takardar da ke manne a jikinta, ka auna faɗin wurin da tazarar ƙusoshin da ke riƙe da ita. Akwai ta tsaye, akwai ta kwance, kuma ba a kwantar da wadda aka ƙera don tsayuwa, elimen zai tsaya a iska ya ƙone. Ƙananan ma kashi biyu ne: mai bututu a ƙasa ta saman bango, mai bututu a sama ta ƙarƙashin wurin wanke hannu. In ka sayi mai girma da fasalin tsohuwar, ba fasa tayil, ba sabon bututu. Da zarar ka canja girma ko wuri, ka buɗe ƙofar wani kashe kuɗin.

Masu sha'awar canja iri

Hita marar tanki, mai dafa ruwa yana wucewa, tana da kyan gani kuma ba ta cin wuri, amma sharuɗɗanta biyu ba kowane gida ne ke cika su ba. Na farko wuta. Mai wat 3500 na jan amfiya 15, mai wat 5500 na jan 24, alhali hita mai tanki ta wat 1500 amfiya shida da rabi take ja. Tsohuwar wayar ba lallai ta ɗauka ba, sai an jawo mai kauri tun daga allon bireka. Kuma duk da wannan jan wuta, mai wat 3500 lita biyu da rabi kawai take iya ɗagawa da digiri 20 a minti ɗaya. Na biyu ƙarfin ruwa. Tsayin mita 10 ne ke ba da bar ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa, tankin da ke mita uku ko huɗu sama da kan shawa bai kai rabin bar ba, wasu irin hitar ko tashi ba sa yi sai an haɗa musu ƙaramin famfon turi. Sannan babbar matsalar: in babu wuta a daidai lokacin wankan, babu ruwan zafi. Mai tanki kuwa in an kawo wuta cikin dare ta dafa ta ajiye maka. A garin da ba ka da tabbacin wuta da Asuba, ni mai tanki nake zaɓa.

Ta hasken rana, mai jerin bututun gilashi a saman rufi, ta fi tsada a ranar saye amma ba ta taɓa mita. Ta dace da gidan kanka mai mutane da yawa. Sai dai a sa kuɗin ƙarfen da za a girka ta a kai, domin lita 200 kilo 200 ne kafin a haɗa da nauyin ita kanta, da bututun zafi daga rufi zuwa banɗaki. A tuna kuma lokacin da aka fi buƙatarta shi ne lokacin da ƙura ke rufe rana, dole wani ya riƙa hawa yana goge gilasan.

Ƙaramar hitar da ake tsomawa a bokiti ita ce mafi araha, kuma ita ce na fi tsoro a gidan da ke da yara. Araha ba ta ado.

Mataki na uku: a duba bango kafin a je kasuwa

Wannan shi ne gidan da ya cinye mini kuɗin da ban shirya ba. Ka kira mai wuta da mai famfo su zo su duba tun tsohuwar na rataye, ka biya su kuɗin mai, su rubuta maka abin da ake buƙata.

Mai wuta ya duba abu huɗu. Shin hitar na da layinta ita kaɗai daga allon bireka, ko an ɗauko mata wuta ne daga soket ɗin ɗaki? Wayar ta kai kauri milimita 2.5, ta jan ƙarfe ce zalla? Makunnin mai amfiya 20 ne mai yanke waya biyu, kuma yana wajen banɗaki inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai gare shi ba? Sai na huɗun, wanda ya fi duka: wayar ƙasa, wadda masu aikin ke kira atin, mai kai wutar da ta yi yoyo zuwa cikin ƙasa. A gidanmu da aka buɗe, koriyar wayar tana nan a jikin hita, amma da aka bi ta sai aka tarar ta ƙare a cikin silin, ba ta haɗu da komai ba. Shekaru ana wanka a ƙarƙashinta, Allah ne kawai ya tsare. Sai da muka sayi sandan jan ƙarfe aka kafa a ƙasa, aka jawo waya, aka ƙara birekar nan mai gane yoyon wuta, mai miliamfiya 30, wadda ke yankewa nan take in wuta ta bi ta ruwa ko ta jikin mutum. In kuɗinka bai kai duka ba, rage girman hitar, kada ka rage waɗannan biyun. Wajen waya kuwa, waɗanda ake ƙerawa a nan gida irin su Coleman, Cutix da Nigerchin sun yi suna, sai dai a kula da jabu masu ɗauke da sunansu. Hukumar NEMSA, mai duba ingancin aikin lantarki, na ba masu aikin wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne ka tambayi mai aikinka ko yana da ita.

Mai famfo kuma ya duba bututun da ke ɗaukar ruwan zafi. Farin bututun roba na ruwan sanyi ba ya jure zafi, yana laushi ya saki a mahaɗa, sau da yawa a cikin bango inda ba ka gani sai fenti ya fara kumbura. Na zafi shi ne PPR, wanda ake narka bakinsa da inji a haɗa. In akwai buƙatar sauya bututu a cikin bango, sa kuɗin tayil, siminti da mai tayil, ka kuma haƙura da cewa da wuya ka sami tayil mai launin tsohon. Ƙananan kayan su ne tiyo biyu masu lanƙwasa da ke jure zafi, makullin ruwa na shiga, farin tef na zare, siririn tiyon da zai kai ɗigon bawul zuwa magudana, da ƙusoshin rataya. Kowannensu ba wani kuɗi ba ne, amma in aka tara su sai ka ga sun yi kauri.

Bangon ma a ƙwanƙwasa shi. Hita mai lita 50 in ta cika ta haura kilo 60. A bulo mai rami, ƙusa da 'yar robarta ba za su riƙe wannan nauyi shekara da shekaru ba, sai an cika ramin da kankare ko an sa dogon ƙarfe ya ratsa bangon an ɗaure ta baya. In a cikin silin tsohuwar take, a shimfiɗa mata faranti mai bututun zubarwa a ƙarƙashi, in ba haka ba ranar da ta yi yoyo kuɗin sabon silin ma na kanka.

Mataki na huɗu: saye

Tambayi shago uku, a cikin gari da kuma ta waya a Jos ko Kano. In na nesa ya fi sauƙi, haɗa da kuɗin mota daga tasha, ka kuma tambayi kanka wa zai ɗauki asara in ta iso a lotse ko ta ƙi aiki. Sau da yawa ɗan bambancin bai kai wahalar mayarwa ba.

Ariston, ta kamfanin Italiya, ita ce sunan da ya fi yawo a bakin masu famfo, har wasu na kiran kowace hita da shi, kuma sunan da ya yi ƙarfi shi ake yi wa jabu. A buɗe kwali a gabanka. Lambar da ke jikin hita ta dace da ta kwali da ta takardar garanti. Bawul ɗin kariya na cikin kwalin, ƙarfen rataya na nan. A rubuta maka lambar a rasit, da kwanan wata da hatimin shago. Ka yi tambayar da mutane ba sa yi: in elimen ko tamostat ɗinta ya lalace, akwai shi a Bauchi? Hitar da ba a samun kayan gyaranta ranar da ta fara ciwo ranar ta mutu.

Wajen kwatanta mai tsada da mai araha, raba kuɗin da shekaru. A ƙaddara wata naira 200,000 ce ta yi shekara goma, wata 120,000 ta yi uku. Ta farko ta ci maka 20,000 a shekara, ta biyu 40,000, ban da ladan ɗaurawa sau uku. Ta hannu kuwa, ba ka ganin cikin tukunyarta, fentin waje kawai kake saye.

Mataki na biyar: ciniki da masu aiki

Masu aiki biyu ne, ko da mutum ɗaya ya ce ya iya duka. A yanke lada kafin a taɓa ƙusa, a kuma faɗi abin da ya ƙunsa: sauke tsohuwa, rataya sabuwa, haɗa ruwa, haɗa wuta, gwaji. Kayan aiki ka saya da kanka ko ku je tare. Mai famfon da ya yi mana aikin ƙarshe ya ce, "Alhaji, ka ba ni kuɗin kaya gaba ɗaya in huce da kai zirga-zirga." Na ce, "Malam, rubuta mini, in na sayo wanda bai yi ba ka mayar da ni." Dariya ya yi ya rubuta. Ba rashin yarda ba ne, in kuɗin kaya da na hannu suka cakuɗe ba ka san wanne ka yi ciniki a kai ba. Ka ba da rabi a fara, cikon sai ruwa ya yi zafi. A kan jimillar duk lissafinka kuma ka ajiye kamar kashi ɗaya cikin biyar a gefe, domin sai an sauke tsohuwa ake ganin abin da ke bayanta.

In da hali a yi aikin nan a Oktoba ko farkon Nuwamba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da sanyi ya kankama kowa neman mai famfo yake, ga shi kai ne mai gaggawa, mai gaggawa kuwa ba ya ciniki.

Ɗan haya ya yi magana da mai gida kafin ya sayi komai. In mai gida ya ce ka saya a cire a kuɗin haya, a rubuta, ko da a saƙon waya ne. In kuma taka ce za ka tafi da ita ranar tashi, a faɗa tun yanzu, a ajiye tsohuwar.

Ranar ɗaurawa

Ka tsaya a wurin. A kashe bireka, a rufe ruwa, a zubar da na cikin tsohuwar kafin a sauke ta. Bakin da ke da shuɗin zobe na shigar ruwan sanyi ne, mai ja na fitar zafi. Bawul ɗin kariya a bakin shuɗin yake zama, sabon da ya zo a kwali, ba tsohon ba, kuma kada a sa wani makulli tsakaninsa da hitar. Abin da na gani da idona a tsohuwar Hajiya shi ne wani ya taɓa toshe bakin bawul ɗin da ƙusa da tef, wai don ɗigo na ɓata tayil. Tukunyar da ke dafa ruwa a rufe, aka toshe mata mafita, in tamostat ya maƙale bai yanke wuta ba, fashewa take yi, kuma tana iya tafiya da bango. Maganin ɗigo tiyo ne zuwa magudana.

Bayan an haɗa, ruwa ne farko, wuta daga baya. A buɗe famfon zafi, a saki ruwa ya shiga, a jira har iska ta gama fita ruwa ya zubo ba yankewa. Sannan a kunna. Elimen da aka kunna a busasshen tanki cikin ɗan lokaci yake ƙonewa, garanti kuma ba ya ɗaukar wannan. A saita tamostat wajen digiri 60: ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya zama a ruwan da ke kwance, sama da haka ƙanzo ya yi yawa, yunit ya tafi. Amma digiri 60 na ƙona fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, don haka a koya wa 'yan gida zuba na sanyi a bokiti tukuna. A danna maɓallin gwaji na birekar yoyo a ga ta faɗi. A jira har tamostat ya yanke da kansa, hita mai lita 50 da wat 1500 wajen awa ɗaya da rabi take ɗauka in wuta na da ƙarfi. A shafa busasshen tsumma a kowace mahaɗa. Sannan a biya ciko.

Kuɗin da ba ya ƙarewa

Lissafin yunit ba shi da wuya. Ɗaga zafin ruwa daga digiri 20 zuwa 60 na cin kusan yunit 0.7 a lita 15, yunit 1.4 a lita 30, yunit 2.3 a lita 50, yunit 3.7 a lita 80. Sunan kamfanin hita ba ya canja wannan, haka ruwa yake. A Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan yunit, daga baya ya tsaya a 209.50 a watan Yulin shekarar. Da wannan farashi, dafa lita 50 sau ɗaya kullum yunit 70 ne a wata, kusan naira 14,600. Lita 30 yunit 42 ne, kusan 8,800. Wata uku na sanyi da mai lita 50 ya tasar wa naira 44,000. Duba rasit ɗin katin da ka saya daga JED, kamfanin Jos da ke raba mana wuta, ka ga rukuninka da abin da ake sayar maka da yunit, ka ninka da kanka. Gidan da ke da hita uku ya ninka sau uku, nan ne mai gida ke fara zargin mita da gudu.

Barin hita a kunne dare da rana ma yana da kuɗinsa, domin zafi na sulalewa ta jikinta tana sake dafawa, a matsakaiciyar hita yana iya kai kusan yunit guda a kwana. Kunna ta awa ɗaya da rabi kafin wanka a kashe ya fi. Ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1000 ba ya ɗaukarta. Masu sola kuma, in inbata na da ƙarfin ja, a dafa da tsakar rana lokacin da faifan ke ba da wuta, ruwan zai kwana da ɗuminsa, maimakon a zuƙe batir da Asuba.

Sandan maganiziyam ɗin nan a sa a buɗe a duba shi duk shekara ɗaya ko biyu, a wanke ƙanzo a lokaci guda. In ya cinye ba a sauya ba, tsatsa tukunya take komawa. 'Yar maɗaurar da ke jikin bawul kuma a riƙa ɗaga ta lokaci-lokaci ruwa ya fita, don kada ta daskare.

Tsohuwar kada a jefar da ita bayan gida. In elimen da tamostat ɗinta lafiya suke kuma sun dace da wata hitar da ke gidan, a cire a ajiye. Gangar kuma 'yan gwangwan na saye a kan kilo. Tamu da aka auna, abin da aka ba ni ya biya mai a-daidaita-sahun da ya kawo sabuwar, har Hajiya ta sami canjin goro.